Malaman Dabbobi a Riyad: Daga Kwalta da Lalas Zuwa Allura

A ƙarshen shekarar 1901 Abdul'aziz ɗan Abdurrahman Al Sa'ud ya bar Kuwait da 'yan tsirarun mutane, da niyyar ƙwato garin kakanninsa daga hannun gidan Rashid. A watan Janairu na 1902 suka haura ganuwar Riyad cikin dare, da gari ya waye aka kashe Ajlan, wakilin gidan Rashid, a ƙofar Masmak. Wannan labari ya cika littattafai. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne raƙuman da suka ɗauko mutanen nan tsawon watanni a gefen Rub'ul Khali, da waɗanda suka san abin yi idan dutse ya tsaga tafin raƙumi ko siddi ya ci masa tozo. Da dabbobin sun gaza a hanya, da ba a kai ga ganuwar ba.

A Najad ta wancan zamani babu makarantar koyon maganin dabba. Yaro yana tasowa a gindin garke, yana kallon ubansa ko kawunsa, har hannunsa ya faɗa. Babban abokin gabar mai raƙumi shi ne ƙazuwa, wadda kan cinye gashi, ta sa fata ta yi kirci, dabba ta yi ta soshe-soshe har ta rame ta kasa ɗaukar kaya. Maganinta sananne ne: a aske wurin, a kankare, a shafa kwaltar da ake tatsowa daga itace, wani lokaci a haɗa da farar wuta da mai. Ga gurguntaka da kumburi kuwa sai lalas, a sa ƙarfe a wuta a ɗora a inda masani ya nuna. Da wannan ƙarfen ake yi wa raƙumi tambarin ƙabila, wanda ke nuna na wane ne ko da ya ɓata ya yi nisa. Bahaushe da Bafulatani da Buzu ba za su ji wannan baƙo ba, domin haka aka yi a Azbin da Damargu da dajin Zamfara. Sun kuma san killacewa tun kafin a ga ƙwayar cuta da madubi, domin ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya. An kuma ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ya iske shi yana yi wa raƙuman zakka tambari da hannunsa mai albarka.

Ilimin yana nan a rubuce, amma a wasu biranen. Ibnu Akhi Hizam ya rubuta littafi kan dawaki da magungunansu a Bagadaza tun ƙarni na 9, Abubakar ɗan Badar kuma, mai kula da bargar Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun a Alƙahira, ya yi nasa a ƙarni na 14. Makiyayin Najad bai dogara da su ba. Nasa a ka yake da kuma a yatsu, kuma bai kamata a raina shi ba, ko da yake dole a faɗi gaskiya: lalas ya azabtar da dabbobi da yawa a kan cutar da wuta ba ta yi mata komai.

An kafa masarautar Saudiyya a 1932, aka sami mai a Dammam a 1938. Ministan kuɗi Abdullahi Sulaiman ya buɗe gonakin gwaji a Kharj, kudu maso gabas da Riyad, inda akwai manyan idanun ruwa, Amurkawa suka shigo aikin a shekarun 1940, aka kafa ma'aikatar gona a 1953 da Yarima Sultan ɗan Abdul'aziz a matsayin ministanta na farko. Sai mota ta ƙwace aikin raƙumi, tankar ruwa ta bi garke har cikin daji, gwamnati ta riƙa sa tallafi a sha'ir. Sakamakon shi ne tumaki suka yi yawa, suka daina yawo, suka taru a wuri ɗaya shekara da shekaru, jiragen ruwa kuma suna sauke wasu daga Sawakin da Barbara, daga baya har daga Ostareliya. Duk inda aka tara dabba daga ƙasashe daban-daban a kara ɗaya, an tara cututtukansu. Kwalta da lalas ba su isa ba kuma.

A 1975 aka kafa Jami'ar Sarki Faisal a gabashin ƙasar, kuma kwalejin likitancin dabbobi ta Ahsa na cikin kwalejojin da ta fara da su. Daga baya aka sami ta biyu a Ƙasim, haɗe da ta aikin gona. Waɗannan biyun ne suka yaye mafi yawan likitocin dabbobi 'yan ƙasa. To amma likita ɗaya ba ya yi wa tumaki dubu allura a yini, ba ya kwana a garke yana jiran saniya ta haihu. Tsakanin likita da makiyayi akwai wani mutum, wanda mu a ƙasar Hausa muke kira malamin dabbobi, kuma shi ne Riyad ta fi ƙarancinsa lokacin da kuɗin mai ya fara gina komai a guje. Asibiti ana gina shi cikin shekara guda, na'ura ana sayo ta a jirgi. Mutumin da zai dubi karsana daga nesa ya ce ba ta tuƙa, yau akwai magana, sai ya yi shekaru a cikin kashin shanu kafin ya samu. Saboda haka aka ɗauko shi daga waje: daga Sudan, wadda ta buɗe makarantar likitancin dabbobi a Khartum tun 1938, daga Masar, daga Indiya da Fakistan, daga baya daga Filifin da Kenya.

A nan ya kamata mai karatu ya waiwayo gida, domin mu mun riga Riyad shiga wannan makaranta, kuma wuya ce ta shigar da mu. Wajen 1890 bushiya ta ratso daga gabas ta share garken Fulani, har wasu masu shanu ɗaruruwa suka wayi gari da sanda kaɗai. Turawan mulkin mallaka, waɗanda jangali ke cika musu baitulmali, sun buɗe sashen dabbobi a Zariya a 1913, suka mayar da shi Vom a 1924 don yin ruwan allurar bushiya. Likitocinsu ba su taka kara sun karya ba, don haka suka koya wa 'yan ƙasa riƙe sirinji, En'e ta ɗauke su aiki, suka riƙa bin ruga-ruga a kan doki da keke. A 1941 aka buɗe makaranta a Vom, daga baya ta hanyar Mando a Kaduna ta biyo, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Faransawa ma sun buɗe tasu a Bamako a 1924, tana horar da mataimaka don ƙasashen da suke mulka, har da Nijar. Da aka ƙaddamar da babban gangamin rigakafin bushiya a 1962 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, waɗannan malaman ne suka yi wa shanu miliyoyi allura suna huda musu kunne don shaida. Da aka yi sakaci aka bar aikin ya lalace, bushiya ta dawo a 1983 ta yi ɓarnar da dattawan Fulani ba su manta ba har yau. A Habasha, cikin shekarun 1990, makiyayan Afar da aka koya wa allura suka kai rigakafin da ba ya lalacewa da zafi inda motar gwamnati ba ta iya zuwa. A 2011 duniya ta yi shelar cewa bushiya ta ƙare. Sunan Walter Plowright, wanda ya haɗa allurar, ya shiga tarihi kuma ya cancanta. Sunayen waɗanda suka soka ta suna cikin tsofaffin rajistocin En'e, inda gara ta bar su.

Mu koma Kharj. A 1977 Yarima Sultan ɗan Muhammad ɗan Sa'ud Al-Kabir ya haɗa gwiwa da wasu 'yan'uwa biyu daga Ailan, 'yan gidan McGuckian, suka kafa Almarai. A 1979 aka kafa gonar Al Safi, wadda a 1998 ta shiga kundin Guinness a matsayin gonar madara mafi girma da ke haɗe da masana'antarta. Shanun da aka kawo baƙaƙe da farare ne 'yan asalin Holan, dabbobin ƙasar sanyi, aka ajiye su inda zafin bazara ke haura digiri 45. Yadda aka raya su shi ne a ƙarƙashin rumfuna, fankoki na feso musu raɓar ruwa dare da rana. Shanun Almarai kaɗai yau sun haura dubu ɗari, ana tatsarsu sau huɗu a yini, saniya ɗaya tana ba da lita 40 ko fiye.

A irin wannan gona ne aikin malamin dabbobi ya canja kama. Saniyar da ke ba da madara haka kullum a bakin gaɓa take, ƙaramin abu ke kayar da ita. Malamin da ke ɗakin haihuwa shi ke lura da wadda naƙuda ta daɗe mata, ya sa safar hannu mai kai wa kafaɗa ya laluba, ya gane ko maraƙin ya juyo da baya ko ƙafa ta lanƙwashe, ya san wanda zai iya gyarawa da wanda dole a taso likita. Maraƙi na faɗowa, a tsoma cibiyarsa a aidin, a ba shi dakashi cikin awannin farko, domin hanjinsa na rufe ƙofar karɓar garkuwar uwa kafin kwana ɗaya ya cika, kuma wanda ya rasa ta zawo ko ciwon huhu ne ke jiransa. Wani malamin aikinsa hantsa: ya matso ɗigon farko ya duba ko ya guntse, ya ware saniyar da aka yi wa maganin kashe ƙwayoyin cuta don kada madararta ta shiga tanki, domin madarar saniya ɗaya mai magani tana iya sa a zubar da tanka guda. Wani kofato yake fiƙewa daga safe zuwa yamma. Wani ɗura maniyyi ne aikinsa, yana zaro shi daga tulun sanyi, kuma 'yan daƙiƙu na sakaci wajen narkar da shi sun isa su ɓata wata guda. Sannan ga rigakafin boru, wanda ake maimaitawa sau da yawa a shekara saboda cutar ba ta bar ƙasar ba. A nan abu mafi sauƙi shi ne mafi hatsari: kwalbar allurar da aka bari a rana a bayan mota ta mutu, amma kamanninta ba su canja, kuma babu mai sanin an soka wa shanu ruwan banza sai ranar da cuta ta shigo. Babu injin da ke tsare wannan sai amanar wanda ya riƙe akwatin ƙanƙara.

Kamfanonin sun gane haka, shi ya sa yawancin horon a cikin gona ake yinsa. Sabon ma'aikaci, ko da takardarsa ko babu, yakan fara ne a bayan wanda ya riga shi, ya koyi kama dabba ba tare da ta ji rauni ko shi ya ji ba, ya koyi ɗaukar zafin jiki da rubuta lambar kunne daidai, kafin a yarda ya taɓa jijiya. Rubutu rabin aikin ne. Wanda ba ya rubuta abin da ya yi, a garken dubu ashirin, daidai yake da wanda bai yi ba.

Akwai wani labari daga arewacin Riyad da ya kamata a riƙa ba ɗaliban makarantunmu. A Thumama, Sarki Khalid ya tara namun daji a gonarsa, ciki har da maririn Larabawa, wanda mafarauta masu mota da bindiga suka ƙarar daga daji a farkon shekarun 1970. A 1986 aka kwashe 57 daga cikinsu zuwa sabuwar cibiyar bincike kusa da Ɗa'if don a hayayyafa su, sai tarin fuka ya ɓulla a cikinsu, suka fara mutuwa. A ƙa'idar kiwo, garken da ya kamu da tarin fuka yanka shi ake yi. Amma waɗannan ba su da madadi. Sai aka yanke shawarar a ba manyan magani na tsawon watanni, kowane ɗan da aka haifa kuma a ɗauke shi daga uwarsa nan take a shayar da shi da kwalba a wani wuri daban. Likitoci ne suka tsara, amma a yi tunanin wanda ke tashi da tsakar dare yana dama madara, yana wanke kwalabe, yana sauya takalmi da riga tsakanin wannan shinge da wancan, shekara bayan shekara. Daga zuriyar da aka raya haka aka sami garke mai lafiya, aka fara sakin mariri a Mahazat as-Said a 1990, sannan a Uruƙ Bani Ma'arid a 1995. Gonar Thumama ita ma ta zama cibiyar binciken namun daji a 1987, ta shahara da kiwon barewa.

Daga shekarar 2000 annoba ta riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowacce ta nuna inda giɓin yake. A watan Satumba na 2000 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Jizan da Yaman, karon farko da aka gan shi a wajen Afirka. Alamar farko ba a asibitin mutane ta bayyana ba, a garke ta bayyana: tumaki da awaki suna ta ɓari, 'ya'yansu suna mutuwa. A Saudiyya mutum sama da 800 suka kamu, sama da 120 suka rasu. Gwamnati ta rufe ƙofa ga dabbobin ƙahon Afirka, takunkumin da bai sauka daga kan Somaliya ba sai 2009, ya kuma karya dubban makiyaya a can. Bayan haka aka kafa garken gadi a Jizan, dabbobin da ake ɗibar jininsu a kai a kai don a ga ko cutar na motsi.

A watan Agusta na 2007 raƙuma suka fara faɗuwa a Wadi Dawasir, wajen kilomita 600 kudu da Riyad amma a cikin lardinta. Kusan 2,000 suka mutu a faɗin ƙasar cikin 'yan makonni. Aka yi ta zargin annoba, har gwaje-gwaje a ciki da wajen ƙasar suka nuna cewa guba ce a cikin dusar da aka saya musu: ta gauraya da salinomisin, maganin da ake sa wa a abincin kaji, wanda kaza ke ci lafiya amma yake lalata tsokar raƙumi da doki har da ta zuciya. Sarki Abdullahi ya ba da umurnin a biya masu raƙuman diyya. Duk malamin dabbobin da aka koya wa aiki da kyau ya san tambayar farko idan dabbobi da yawa suka kwanta lokaci ɗaya babu zazzaɓi: me suka ci, daga wane buhu, yaushe aka buɗe shi? Tambaya ce da ba ta bukatar ɗakin gwaji, tana bukatar mutum a kusa da garken a ranar farko. A watan Nuwamba na wannan shekarar murar tsuntsaye ta shiga gonakin kaji na Kharj da kewayen Riyad, aka hallaka miliyoyi. A Disamba na 2017 wani nau'inta ya sake ɓulla a kasuwar tsuntsaye ta Aziziyya a cikin birnin.

Wadda ta fi girgiza ƙasar ita ce ta raƙuma. A watan Yuni na 2012 wani mutum daga Bisha ya rasu a wani asibiti a Jidda da ciwon huhu da gazawar ƙoda. Likita ɗan Masar, Ali Muhammad Zaki, ya ware ƙwayar cutar ya aika Rotadam, aka tabbatar sabuwar korona ce, wadda aka sa wa suna MERS. A 2013 aka sami shaidarta a jinin raƙuman Oman, sannan aka koma kan tsofaffin samfuran jini da ke ajiye a firiji, aka ga ta daɗe a cikin raƙuma shekaru da dama, a Larabawa da gabashin Afirka. A jikin raƙumi mura ce kawai, 'yar majina a hancin ƙanana. A jikin mutum kuwa, cikin sama da 2,500 da aka tabbatar sun kamu a duniya, galibinsu a Saudiyya, kusan ɗaya cikin uku ya rasu. A watan Agusta na 2015 ta bazu a babban asibitin dakarun tsaron ƙasa da ke Riyad har aka rufe sashen gaggawa.

Da ma'aikatar gona ta ce a 2014 masu hulɗa da raƙuma su sa takunkumi da safar hannu, su daina shan ɗanyar madara, wasu masu raƙuma suka ɗauki abin cin mutunci, suka riƙa ɗaukar hoton kansu suna sumbatar taguwa. Ba taurin kai ne kawai ba. Mutum ne aka ce masa dabbar da ta raya kakanninsa, wadda yake kira da suna, ita ce ke kashe mutane, alhali shi bai taɓa ganin ta kashe kowa ba. A tsakiyar wannan rikici aka tura ma'aikata kasuwannin raƙuma da mayanka su ɗebo majina da jini. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san nauyinsa ba. Sai an gurfanar da raƙumi, an ɗaure gwiwa, wani ya riƙe leɓe ya karkatar da kai, sannan a zura sandar auduga can cikin hanci yana kuka yana feso abin da ke cikinsa. Amale a lokacin sanyi, sa'ad da yake cikin barbara, yana iya kama kan mutum da haƙora ko ya danne shi da ƙirji. Kafin duk wannan kuma sai an shawo kan mai dabbar, an sha gahawarsa, an yi masa magana da harshen da yake ji. Malamin da ya taso a garke ya fi mai digiri iya wannan. Abin ya shafe mu kai tsaye: binciken da aka yi a mayankar Kano a 2015 ya sami ƙwayar a hancin raƙuman da ake kawowa yanka, ko da yake nau'in na Afirka ya ɗan bambanta da na Larabawa.

Cutar ba ta rage wa raƙumi daraja ba. A 2017 aka kafa ƙungiyar raƙuma ta ƙasa, aka mayar da bikin Sarki Abdul'aziz na raƙuma Sayahid, cikin yashin Dahna arewa maso gabas da Riyad, inda ake gasar kyau ta baƙaƙe da farare da jajaye, kyaututtuka na kai wa ɗaruruwan miliyoyin riyal. Inda kuɗi ya kai haka, ha'inci na biye. A Janairu na 2018 aka kori raƙuma 12 saboda an yi musu allurar Botox, a Disamba na 2021 aka kori sama da 40. Ana kumbura leɓe da hanci, ana ɗaure sassan jiki da roba don su miƙe, ana ba ƙanana sinadarin girma. Abin baƙin ciki shi ne makiyayi da ba a koya wa ba ba ya iya wannan. Hannun da ya san inda jijiya take ne ke yi, kuma a 2018 an ba da rahoton kama wani likitan dabbobi yana wannan aiki. Haka kuma hannun da ya san aiki ne ke tona asirin, da na'urar hoton ƙashi da ta duban ciki da gwajin jini a ƙofar fili. Ilimi ɗaya ne a hannu biyu, kuma makarantar da ta koyar da allura ba ta koyar da tsoron Allah a kan dabbar da ba ta iya kai ƙara ba, ta yi rabin aiki.

Birnin kansa ya buɗe wasu ƙofofin. Akwai cibiyar dawakin Larabawa a Dirab, akwai filin sukuwa na Janadriyya inda aka fara gasar Kofin Saudiyya a 2020 da kyautar dala miliyan 20, kuma kowane dokin da ya sauka daga Japan ko Amurka sai ya bi ta killacewa. Akwai asibitocin shaho, inda ake sa tsuntsu barci a dasa masa gashin fiffiken da ya karye. A 2008 hukumar hisba ta hana sayar da kyanwa da kare a Riyad, yau kuwa unguwannin arewacin birnin cike suke da ɗakunan shan maganin kyanwa, inda mataimaki ke aske wurin tiyata, yana dafa kayan aiki, yana lura da numfashi. A 2016 aka haɗe gona da ruwa da muhalli a ma'aikata ɗaya, ita ce ke ba da lasisin aikin, ita ce kuma ta ɗauki aikin dasa wa raƙuman ƙasar, waɗanda suka haura miliyan ɗaya da rabi, 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatar wuya. Tambarin ƙarfe ya sami magaji, kuma malamin dabbobi ne ke soka shi.

Hausawa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Tun kafin yaƙin Burmi na 1903, da kuma bayansa, jama'a sun bi hanyar gabas a ƙafa, wasu suka zauna a Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan, wasu suka ƙetare teku, jikokinsu suna nan 'yan ƙasa a Makka da Madina da Jidda. Ta wannan hanyar, da ta jirgi a yanzu, samari daga Sudan da Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya suke shiga aikin dabbobi a sahara kewayen Riyad. Da yawansu sun san raƙumi da tunkiya tun suna yara. Mai garke kan miƙa musu kwalbar magani daga kanti ya ce a yi allura, su yi, ba tare da sanin awo ko kwanakin da ya kamata a jira kafin a sha madarar ko a yanka ba. Aikin malamin dabbobi suke yi babu horonsa, babu albashinsa, babu kariyarsa, kuma su ne ke shaƙar numfashin raƙumi suna karɓar haihuwa da hannu tsirara.

Wanda ya yi difloma a Vom ko Mando kuma yake hangen Riyad, abin da zai fara dubawa ba yawan riyal ba ne, sana'ar da za a rubuta masa a biza da igama ce. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafili, ta bai wa ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da izinin ubangida ba, bisa wasu sharuɗɗa. Sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da masu lambu da makiyaya ba. Wanda ya shiga a matsayin ma'aikacin lafiyar dabbobi a kamfanin madara ko asibiti, da takardunsa da aka tantance da lasisin ma'aikata, yana ƙarƙashin dokar ƙwadago, yana da inda zai kai kuka. Wanda dillali ya ce masa ya shiga da bizar kiwo, in ya isa a gyara, to ko da takardar Vom ce a jakarsa, makiyayi hukuma take ganinsa, kuma sauya wannan layin a igama sai da yardar kafilin da ya kawo shi.